Ben Enwonwu: Ɗan masassaƙin Anacha da Sarauniyar Ingila ta zauna a gabansa sau 12

Idan ana lissafa 'yan Najeriyar da sunansu ya ƙetare teku tun kafin a sauke tutar Ingila a 1960, galibi 'yan siyasa ake fara ambata, sai ɗan dambe Hogan Bassey da marubuci Chinua Achebe. Ba kasafai ake tunawa da Ben Enwonwu ba, musamman a nan Arewa, alhali a shekarun 1950 da wuya a sami wani mai zane ɗan Afirka da jaridun Turai da Amurka suka sani kamarsa. Sana'arsa ita ce ya ƙura wa fuskar mutum ido har ya fitar da kamanninta, wani lokaci da fenti a kan ƙyalle, wani lokaci da gizago a jikin itace, wani lokaci kuma da narkakkiyar tagulla. Ya siffanta Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ya siffanta Dokta Nnamdi Azikiwe, ya siffanta 'yan matan Fulani da ba a rubuta sunayensu ba. Amma fuskar wata budurwa ce daga gidan sarautar Ile-Ife ta dawo da sunansa bakin duniya bayan ya shekara 24 da mutuwa.

Cikakken sunansa Odinigwe Benedict Chukwukadibia Enwonwu. An haife shi ranar 14 ga Yulin 1917 a Anacha, birnin kasuwa da ke gaɓar Kogin Kwara, a zuriyar Umueze-Aroli. Tsofaffin littattafai da dama sun rubuta 1921 a matsayin shekarar haihuwarsa, kuma da wannan lissafin aka yi ta amfani a zamanin rayuwarsa, sai daga baya masu bincike suka tsaya a kan 1917. Mahaifiyarsa 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafi. Mahaifinsa, Odigwe Emeka Enwonwu, ya yi aikin injina a kamfanin Royal Niger, wanda ya riƙe harkar ciniki da mulkin bakin kogi kafin gwamnatin Ingila ta karɓa a 1900, sannan masassaƙi ne da ake kai wa aikin kujerun sarauta da sanduna da ƙyamare da gumakan addinin gargajiya. Ya mutu a 1921, yaron yana ɗan shekara huɗu. Gadon da ya fi yi wa Ben amfani shi ne kayan aikin uban, kuma da su ya fara koyon sassaƙa tun kafin wani malami ya nuna masa yadda ake riƙe fensir.

Ya yi firamare a makarantun mishan na Katolika a Anacha da Umuahia da Fatakwal, ya wuce makarantar St Patrick da ke Ibusa, sannan a 1934 ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Badun. A can ya haɗu da Baturen da ya buɗe masa hanya, Kenneth Murray.

Zuwan Murray Najeriya yana da nasa tarihin, kuma ba zai fahimtu ba sai an ambaci Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode da aka haifa a 1882. Onabolu akawu ne a Legas da ya koya wa kansa zane ta hanyar kwaikwayon hotunan mujallu, a zamanin da Turawa da yawa suka yi imani baƙin mutum ba zai iya zana fuska ta fito da kamanninta na zahiri ba. Ya ƙaryata su da hoton Misis Spencer Savage da ya zana a 1906, ya ci gaba da zana manyan Legas, likitoci da lauyoyi da limaman coci. Bayan ya yi karatu a Landan da Faris ya dawo a 1922, ya dinga matsa wa hukumar ilimi lamba a sa zane cikin darussan makaranta, a kuma kawo ƙarin malamai. Sakamakon wannan naci ne aka ɗauko Murray a 1927. Abin mamaki, da Baturen ya iso sai ya ɗauki hanyar da ta saɓa wa ta wanda ya yi sanadin zuwansa. Onabolu yana son yara su ƙware a ƙa'idojin Turai na awo da inuwa da nisa da kusa. Murray kuwa yana hana ɗalibansa kwaikwayon Turai, yana tura su zana masu hawan kwakwa da masunta da 'yan rawa da kasuwar ƙauye. Duk rayuwar Enwonwu a tsakanin waɗannan ra'ayoyi biyu ta gudana, kuma bai taɓa sallama wa ɗaya gaba ɗaya ba.

Ya bi Murray zuwa Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, inda ya kammala a 1937. A shekarar ce malamin ya kwashi ayyukan ɗalibansa biyar ya baje kolinsu a zauren Zwemmer da ke Landan: Enwonwu, da C. C. Ibeto, da D. L. Nnachy, da A. P. Umana, da Uthman Ibrahim. A 1938 aka sake nuna aikinsa a babban bajen kolin daular Ingila a Glasgow. Daga nan ya kama koyarwa, ya yi Umuahia, ya yi wasu makarantu a lardin Kalaba, sannan a 1941 aka tura shi Kwalejin Edo da ke Binin.

Zamansa a Binin ya fi ƙarfin a kira shi canjin wurin aiki kawai. A wannan birni ne sojojin Ingila suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa daga fadar Oba a 1897, amma zuriyar maƙeran da suka yi su tana nan a unguwar Igun tana ci gaba da sana'ar. Enwonwu ya zauna da su ya ga yadda ake zubi: a siffanta abu da kaki a kan curin yumɓu, a lulluɓe shi da wani yumɓun, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a ɗura narkakkiyar tagulla a gurbin da ya bari. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin maƙeran fari zai gane wahalar aikin, domin kuskure ɗaya a wuta yana ɓata aikin makonni. Kuma a daidai wannan lokaci ne duniya take ta maganar kawunan tagulla da aka tono a Ile-Ife a 1938, fuskokin da kamanninsu ya kai ga wasu Turawa suka ƙi yarda 'yan Afirka ne suka yi su ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Saurayin malamin ya fahimci cewa siffanta fuska sana'a ce mai asali a ƙasarsa, ba aro ba ce daga jirgin ruwan Turawa.

Wani bajen koli da ya yi shi kaɗai a Legas ya ja hankalin L. N. Harford, babban jami'i a kamfanin mai na Shell, wanda ya nema masa tallafin karatu tare da hukumar British Council. A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga jirgi zuwa Ingila. Ya fara da Kwalejin Goldsmiths, ya koma Oxford inda makarantar zane ta Slade ta yi gudun bama-bamai ta raɓe a makarantar Ruskin, sannan ya dawo Landan tare da ita. Ya sami difloma mai daraja ta ɗaya a 1947, ya ƙara shekara guda yana nazarin al'adun al'ummomin Afirka ta Yamma a Jami'ar Landan. Wannan karatu na biyu ya nuna irin tunaninsa: yana so ya san abin da Turawa suka rubuta a kan mutanensa, domin ya iya mayar musu da martani da harshensu.

Tun bai gama karatu ba aka fara saye. Ya shiga bajen kolin da hukumar UNESCO ta shirya a Faris a 1946, zauren Berkeley na Landan ya riƙa nuna ayyukansa, kuma shahararren masassaƙi Jacob Epstein ya sayi ɗaya daga ciki. Mujallar Ebony ta baƙaƙen fatar Amurka ta ɗora shi a saman duk masu zanen Afirka a 1949, sannan a 1950 ya zaga Amurka yana baje koli da lacca, har Jami'ar Howard da ke Washington. A gida kuwa, tun 1948 gwamnatin mulkin mallaka ta ba shi muƙamin mai ba da shawara kan harkar zane, muƙamin da ya riƙe a sigogi daban-daban har bayan samun 'yanci.

Wannan kujera ta ba shi albashi da tafiye-tafiye da manyan kwangiloli, ta kuma ɗaura masa dutse a wuya. Gwamnatin Ingila tana nuna shi a matsayin shaidar alherin mulkinta, shi kuma a zuciyarsa ɗan kishin ƙasa ne mai sha'awar Azikiwe. A Satumban 1956 ya halarci taron farko na marubuta da masu fasaha baƙaƙen fata a Jami'ar Sorbonne ta Faris, tare da su Léopold Senghor da Aimé Césaire, ya gabatar da takarda a kan matsalolin mai zane ɗan Afirka, inda ya koka da yadda baƙi ne ke yanke hukuncin abin da ya cancanci a kira fasahar Afirka. Mutumin da ya faɗi haka a Faris shi ne kuma, a cikin watannin nan, yake shirin shiga Fadar Buckingham.

A farkon 1956 Sarauniya Elizabeth ta yi mako uku a Najeriya. Dattawan Arewa ba su manta hawan dabar da aka yi mata a Kaduna ba, ƙarƙashin jagorancin Firimiya Sa Ahmadu Bello, da kuma tarbar da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi mata. Don tunawa da wannan ziyara aka amince a yi mutum-mutuminta na tagulla da za a kafa a Majalisar Wakilai a Legas, kuma Enwonwu ne da kansa ya kai shawarar ga Sakataren Mulkin Mallaka, Alan Lennox-Boyd. Shi ne ɗan Afirka na farko da aka ba irin wannan aiki. A 1957 Sarauniyar ta zauna masa sau 12. Takwas a cikin fada, sauran a ɗakin aikin masassaƙi Sa William Reid Dick, domin curin yumɓun ya yi girman da ba zai ɗauku ana kai da kawowa ba.

Mai karatu na iya tambayar me ake yi da zama 12 alhali ga kyamara. Amsar ita ce hoton kyamara ƙiftawar ido ɗaya yake kamawa, daga gefe ɗaya, cikin haske ɗaya. Mai siffanta mutum yana buƙatar ya ga ƙeya da kumatu da yadda wuya ke ɗauke da kai, ya ga fuskar tana magana, ya gan ta ta gaji, sannan ya zaɓi abin da yake dawwamamme a cikinta ya watsar da na wucin gadi. Enwonwu ya fara da zane-zane a takarda, ya yi kai da kafaɗu, daga baya ya gina cikakkiyar siffar: Sarauniya a zaune, hannuwa a cinya, doguwar riga ta zubo har ƙasa. Da aka nuna aikin a Landan a ƙarshen 1957, wasu masu sharhi suka ce fuskar ta ɗauko kamannin Afirka, musamman a leɓɓa. Masana na baya-bayan nan, irin su Sylvester Ogbechie da ya wallafa littafi a kansa a 2008, sun ɗauki maganar da muhimmanci. Shekaru aru-aru Bature ne ke zana baƙin mutum yadda ya ga dama. A wannan karon an juya kujerar. An kafa mutum-mutumin a Legas a 1959, bai daɗe ba siyasa ta wuce shi, kuma a yau yana hannun Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan.

A jikin bangon wannan gidan tarihin ne kuma aikin da mutane da yawa ke ganin ya fi kowanne a sassaƙarsa yake. Sunansa Anyanwu, wato rana a harshen Ibo, kuma ya yi shi a tsakanin 1954 da 1955: siffar mace siririya da ta taso daga ƙasa kamar tsiro, ta miƙe tana buɗe hannuwa, kanta da ado irin na matan fadar Binin. Ya nufe ta da alamar ƙasa mai farkawa. Wasu manyan ayyukan suka biyo baya: siffofi bakwai na katako riƙe da jaridu, da kamfanin Daily Mirror na Landan ya sa ya yi a farkon shekarun 1960, lokacin kamfanin ne mai jaridar Daily Times ta Legas, mutum-mutumin Azikiwe a Anacha, da Sango, abin bautar tsawa na Yarbawa, wanda aka kafa a 1964 a gaban hedikwatar hukumar lantarki a titin Marina.

A nan ya kamata a ɗan tsaya. Al'ummarmu ta Arewa ba ta gaji sassaƙa siffar mai rai ba, kuma malamai suna da magana a kan hukuncinta wadda ba wannan shafi ne wurin warware ta ba. Hikimar hannun Bahaushe ta tafi ne wajen zayyanar allo da Alƙur'ani, da aska takwas a gaban riga, da adon bangon soro, da dukanci, da ƙwarya. Amma duk wanda ya zaro naira 200 daga aljihu fuskar Sardauna yake kallo, naira 5 kuma ta Tafawa Balewa, naira 20 ta Murtala a gaba da Ladi Kwali a baya tana ginin tukunya. Ƙasa takan zaɓi fuskokin da take so a tuna, kuma a zamanin da ake haɗa Najeriya, Enwonwu yana cikin 'yan ƙalilan da aka damƙa wa wannan aiki.

Daga Arewa kuma ƙalubale mafi girma ga matsayinsa ya fito. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Badun zuwa Zariya, inda Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, take cikin malamai. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suna neman a haɗa dabarun zamani da zanen gargajiyar kowace al'umma. A gaskiya abin da suke kira a kai bai yi nisa da abin da Enwonwu ya shekara 20 yana yi ba, sai dai matasan suna kallonsa a matsayin ɗan gatan gwamnati mai kwat da lakatayi. Shi ma bai kyauta musu sosai ba. A 1963 ya rubuta maƙala mai zafi a mujallar Drum yana sukar yayin zanen da ba a gane siffar komai a cikinsa, yana zargin wasu Turawa mazauna Najeriya da juya akalar matasa. A cikin sukar akwai gaskiya, akwai kuma kishin babban da ya ga ana neman raba shi da fage. Duk da haka, kwalejin nan ta Zariya, bayan ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce ta ba shi digirin girmamawa na dokta a 1969.

Shekarar tana da ma'ana, domin a lokacin ana tsakiyar yaƙin basasa. Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya ci ran Sardauna da Tafawa Balewa da wasu shugabanni, na Yuli ya biyo baya, aka kashe 'yan ƙabilar Ibo masu yawa a garuruwan Arewa, dubban ɗaruruwa suka gudu Gabas. Ana cikin wannan hali ne, ranar 5 ga Oktoban 1966, wakilin Najeriya Cif Simeon Adebo ya miƙa wa Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya U Thant kwafin Anyanwu, kyauta daga ƙasa mai shekara shida da 'yanci. Ba a cika wata takwas ba aka ɗaga tutar Biyafara, ita ma da hoton rana mai fitowa. Anacha, mahaifarsa, tana cikin garuruwan da yaƙin ya fi ragargazawa, har babbar kasuwarta ta ƙone. Zane-zanensa na wannan zamani sun yi duhu: yara masu yunwa, sararin sama mai hadari. Ɗaya daga ciki, na guguwa a kan Biyafara da ya zana a 1972, yana gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian a Washington.

Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta shelanta manufar sulhu da sake gina ƙasa. A 1971 Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Obafemi Awolowo, ta naɗa Enwonwu farfesan zane, na farko a Najeriya. Ɗan Ibo ne a cibiyar asalin Yarbawa, shekara ɗaya bayan an ajiye bindiga. A garin ne ya ga Adetutu Ademiluyi, jikar tsohon Ooni na Ife, ya nemi iyayenta su bari ya zana ta. Ba a amsa masa da wuri ba; sai da ya yi watanni yana bi, domin ba al'ada ba ce 'yar gidan sarauta ta je ta zauna a gaban baƙon namiji yana kallonta. Da aka yarda, ya zana ta sau uku a tsakanin 1973 da 1974, ya sa wa hoton gajeren sunanta, Tutu.

Hoton ba shi da hayaniya. Babu kujerar mulki, babu tarin murjani da zai sanar da mai kallo 'yar wace ce. Budurwa ce ta ɗan juya kafaɗa, da ɗaurin ɗankwali, da mayafi a kafaɗa, da dogon wuya, haske ya sauka a gefen fuskarta, bayanta kuma duhu. Ba ta murmushi, ba ta kuma ɗaure fuska ba; kallo ne na wadda ta san darajar gidansu kuma ba ta bukatar ta faɗa. A nan ne karatun Slade da darasin kawunan Ife suka haɗu wuri guda ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, kuma a ganina ko da bai yi wani aiki ba sai wannan, ya isa a tuna da shi. An buga kwafinsa a takarda, aka rataye a falo da ofisoshi a sassan ƙasar nan, mutane suka riƙa ɗaukarsa alamar sulhu tsakanin ɓangarorin da suka yi yaƙi. Ko mai zanen ya nufi haka tun farko ko jama'a ne suka ɗora masa, ma'anar ta zauna.

Ya bar Ife a 1975. Ya yi aikin mai ba da shawara a bikin FESTAC na 1977, wanda aka yi a Legas tare da gagarumin hawan daba a Kaduna. A 1980 aka ba shi lambar yabo ta ƙasa da ake ware wa masu ilimi da fasaha, a shekara ɗaya da Ladi Kwali. Sai dai zamani ya fara juyawa: kuɗin mai ya ja baya, manyan kwangilolin gwamnati suka ƙafe, masu sharhi a Turai kuma suka koma neman abin da suke ɗauka shi ne ainihin Afirka, wato aikin wanda bai je makaranta ba. Mai difloma daga Slade bai shiga wannan ma'auni ba. A shekarunsa na ƙarshe ya koma ga abin da ya buɗe ido ya gani a Anacha, wato dodanni da 'yan rawa. Bayan mutuwar yayansa a 1987 ya yi ta zana dodon Ogolo, irin wanda ke fitowa a bikin binne manya, cikin launin rawaya da ja, jiki a lanƙwashe kamar iska na kaɗa shi. An yi masa babban bajen koli na waiwaye a Legas a 1991. Ya mutu a gidansa da ke Ikoyi ranar 5 ga Fabrairun 1994, yana da shekara 76.

Abin da ya sami ayyukansa bayan haka abin a yi nazari ne ga duk mai kula da dukiyar tarihin ƙasar nan. Siffofin nan bakwai na Daily Mirror sun ɓace tun shekarun 1960, ba a sake jin ɗuriyarsu ba sai a 2012, da aka tsince su a garejin wata makarantar sakandare a unguwar Bethnal Green ta gabashin Landan. Kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da su fam 361,250 a 2013. Tutu kuwa, duka ukun sun yi layar zana. Na farkon, wanda ya ƙi sayarwa ya ajiye wa kansa, an sace shi gab da mutuwarsa. Giles Peppiatt, jami'in Bonhams mai kula da fasahar Afirka, ya shekara da shekaru ana kawo masa kwafin takarda ana cewa na asali ne. A ƙarshen 2017 wani iyali a arewacin Landan suka gayyace shi ya duba wani hoto da ke rataye a ɗan madaidaicin gidansu, sai ga na biyun, na 1974, wanda rabon da a gan shi a bainar jama'a tun wani bajen koli a ofishin jakadancin Italiya a Legas a 1975.

An yi kirdadon zai kai fam dubu 200 zuwa dubu 300. Ranar 28 ga Fabrairun 2018 aka yi gwanjonsa a Landan, ana haska cinikin kai tsaye ga masu saye da suka taru a wani otal a Ikoyi, aka sallama shi a kan fam 1,205,000. Marubuci Ben Okri ya kwatanta shi da Mona Lisa, kwatancen da jaridu suka yi ta yayatawa, ko da yake hoton bai bukaci aron sunan wani ba. A ƙarshen shekarar aka kawo shi Legas aka nuna a bajen kolin ART X. A Oktoban 2019 wani hoton nasa mai suna Christine, na wata mai gyaran gashi haifaffiyar Amurka da ta zauna a Legas, wanda ya zana a 1971, ya tashi a kan kimanin fam miliyan 1.1 a kamfanin Sotheby's. Iyalinta ba su san darajar abin da ke bangonsu ba sai da ɗayansu ya bincika sunan da ke jikin hoton a intanet.

Ɗansa Oliver, wanda shi ma mai zane ne, ya kafa gidauniya da sunan uban a Legas a 2003 domin tattara bayanan ayyukansa da tantance na gaske daga jabu, aikin da ya ƙara nauyi tun da farashi ya tashi. Masana sararin samaniya sun sa wa wani rami a duniyar Makyuri sunan Enwonwu. Sango yana nan tsaye a Marina, Anyanwu tana jikin bangon Onikan. Sauran hotunan Tutu guda biyu har yau ba su bayyana ba.